Idan tsoho ya soma sambatu a gadon likita

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin wannan. Tsoho ya kwanta da masassara, an ɗora shi a amalanke ko a bayan babur daga Yauri, an kai shi asibitin Matameye. Da safe ya gaisa da kowa, har ya tambayi labarin gona. Da magariba ta yi, sai ya soma kiran ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Yana fizge allurar ƙarin ruwa, yana cewa a buɗe masa ƙofa zai tafi kiwo. Ɗiyarsa ta zo, bai gane ta ba. Gari ya waye, sai ga shi ya dawo hayyacinsa.

Mukan ce iska ce ta taɓa shi, ko jifa aka yi masa, ko kuwa gigin tsufa ne ya zo. Wani lokaci har a tattara kaya a mai da shi gida, wai wannan ba ciwon likita ba ne. A nan ne ake yin asara. Wannan ruɗewa ciwon likita ce. Alama ce cewa wani abu a cikin jiki ya yi tsanani har ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa idan an gano abin aka magance shi, hankali yakan komo.

Gigin tsufa daban, wannan daban. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Ita kuwa wannan ruɗewa farat ɗaya take zuwa, cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu. Tana zuwa tana tafiya, kuma takan fi tsanani da dare. Abubuwan da ke kawo ta mun san su: zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, sanƙarau, ƙarancin ruwa a jiki bayan zawo ko a zafin bazara, fitsari da ya tsaya ko ciwon mafitsara, sukari da ya hau ko ya faɗi, zafin ciwo, fiɗa, da wasu magunguna irin su na barci da tramol.

Akwai irinta mai shiru, kuma ita ce ta fi ba mu tsoro. Tsoho ba ya ihu, ba ya fizge-fizge. Yana kwance kawai, idanu a lumshe, a yi masa magana ya amsa da ƙyar, abinci ma sai an tilasta. Masu jinya su ce ai ya samu sauƙi, yana hutawa. Ma'aikacin lafiya mai gadaje da yawa a kansa ya wuce. Ko a manyan asibitocin Turai da Amurka, irin wannan takan kuɓuce wa likitoci.

Wannan kuɓucewa ce ta sa masana suka juya wajen wasa. Abu na farko da ke lalacewa a cikin wannan ciwo shi ne tsayar da hankali a kan abu guda. Wasa kuwa ba ya yiwuwa sai da tsayar da hankali. Wanda ya taɓa zama gaban dara ya san haka: ka ɗauke ido kaɗan, an ci ka.

A jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, an shirya wani wasa a kan allon hannu mai kama da babbar salula. Ramuka ne a jere. Wata ƴar dabba mai kama da gafiya takan leƙo daga rami, kai kuma ka taɓa ta da yatsa kafin ta koma. Wani lokaci wani abu daban ne zai leƙo, shi kuma ba a so ka taɓa. Na'urar tana ƙidaya saurin hannunka da yawan kuskurenka. An gwada wasan da tsofaffi masu shekaru 70 zuwa sama a ɗakin gaggawa na asibiti, aka buga sakamakon a 2016. A jami'ar Edimbura ta Birtaniya kuma an yi wani mai suna DelApp a cikin salula: haske yana fitowa yana ɓacewa, majinyaci yana ƙidayawa, a ƙarshe ya faɗi sau nawa ya gani. Mai lafiyar hankali yakan iya. Wanda ruɗewa ta kama yakan ɓace a tsakiya. Amfanin irin waɗannan shi ne, ba sa ɗaukar lokaci, ana iya maimaita su safe da yamma, kuma tsoho bai ji ana yi masa jarrabawa ba.

An kuma gwada wasa don rigakafi. A jihar Ohayo ta Amurka, an ba tsofaffi masu jiran fiɗa wasannin motsa ƙwaƙwalwa na Lumosity su riƙa yi kafin ranar aiki. Sakamakon ya fito a 2020. Cikin mutum 125 da aka ba wasan, 18 suka ruɗe bayan fiɗa. Cikin 126 da ba a ba ba, 29 suka ruɗe. Labari ne mai daɗi, amma bambancin bai kai a yanke hukunci a kansa ba, kuma kaɗan ne daga cikin tsofaffin suka cika awoyi 10 da aka nemi su yi.

Mu yi wa kanmu adalci a nan. Salula ta shigo ƙauyukanmu, amma yawanci a hannun samari take. Tsohon da bai taɓa latsa allo ba, ko wanda yanar ido ta rufe masa gani, zai faɗi wannan wasa alhali hankalinsa garau. Mu da muke ajin yaƙi da jahilci mun san yadda hannu ke rawa ranar farko da ya riƙe alli, kuma ba rashin hankali ba ne. Sannan wasan ba ya faɗin abin da ya kawo ruɗewar. Wannan sai awon jini, awon fitsari da idon likita.

Abin da za mu ɗauka daga masanan shi ne dabarar, domin ita ba ta buƙatar caji. Ku ce wa tsoho ya faɗi ranakun mako da baya: Juma'a, Alhamis, Laraba, Talata, har ƙarshe. Ko ya ƙidaya daga 20 zuwa 1. Likitoci ma suna yin irin waɗannan tambayoyi a bakin gado. Ku tambaye shi ina yake yanzu, kuma wa ke zaune kusa da shi. Idan ɗan dara ne, ku zana masa gidaje a kan tire ko a ƙasa, ku ba shi ƴaƴan. Ba cin wasa muke dubawa ba. Muna duba ko yana bin abin da ake yi, ko ya manta nasa ƴaƴan, ko ya tsaya yana kallon bango. Abin lura shi ne canji: abin da yake iyawa jiya, yau ya gagare shi.

A nan mai jinya ya fi kowace na'ura. Likita yau ya fara ganin wannan tsoho. Ku kun san shi shekara da shekaru. Don haka kada a ji nauyin magana. A je wa ma'aikacin lafiya a ce: "Baba ba haka yake ba. Jiya da azahar yana hira, tun la'asar ya canza." A faɗi lokacin da abin ya soma. A faɗi yaushe rabonsa da fitsari da bayan gida. A nuna duk maganin da ya sha, na kanti da na gargajiya, kada a ɓoye ko ɗaya. Wanda ya iya rubutu ya rubuta waɗannan a takarda, don dare yakan sa mantuwa.

Kula ta yau da kullum ma magani ce, kuma an auna ta. A 1999, likita Sharon Inouye da abokan aikinta a jami'ar Yale ta Amurka sun buga bincike a kan tsofaffi 852 da ke kwance a asibiti. Rabinsu an riƙa tuna musu rana da wurin da suke, ana hira da wasan kalmomi da su, ana ba su ruwa, ana tayar da su su taka, ana sa musu tabarau da na'urar ji, ana barin su su yi barcin dare ba tare da ƙwaya ba. A cikinsu kimanin 10 bisa 100 ne suka ruɗe. A ɗaya rabin kuwa, 15 bisa 100.

Kusan duk wannan muna iyawa. A buɗe taga da rana ya ga haske. A faɗa masa lokacin kowace salla. A ba shi ruwa da kunu kaɗan-kaɗan yana zaune, in likita bai hana ba. A rage cinkoson masu dubiya, a bar mutum ɗaya ko biyu da ya saba da muryarsu su kwana da shi. Idan ya ce ya ga wani abu a bango, kada a yi masa dariya ko musu, a kwantar masa da hankali. Kada a ɗaure shi, kada a sayo masa ƙwayar barci daga mai tebur, domin takan ƙara dagula abin. Addu'a kuwa a yi ta a bakin gadon, ba sai an fitar da shi ba.

Idan a gida ne ruɗewar ta same shi, kada a jira ranar kasuwa don samun mota. A kai shi gidan likita mafi kusa a ranar. In da zazzaɓi mai zafi, ko sanƙarewar wuya, ko farfaɗiya, ko shanyewar gefe ɗaya, ko ya kasa farkawa, to ko da tsakar dare ne a tashi. In an ce a wuce Matameye ko babban asibitin Damagaram, a wuce, kuma wanda ya ga farkon abin da idonsa shi ne zai raka shi.