Ko Ka Sani? Yashin Fazzan Ne Ke Gwada Idon Taurarin Ɗan Adam

Zighan ƙaramin gari ne na dabino a arewa maso gabashin Sabha, a yankin Fazzan na Libiya, maƙwabcin Samnu da Tamanhint, a kan tsohuwar hanyar ayari da ke tasowa daga Tarabulus ta bi Sokna ta gangara Murzuk. Ta nan Baturen nan matafiyi Clapperton da abokan tafiyarsa suka bi a 1822, shekara biyu kafin ya shiga Kano. In aka wuce Murzuk aka ƙara nausawa kudu, sai gari ya ƙare rairayi ya karɓa, tudu bayan tudu, ba itace ba rijiya. A cikin wannan rairayi, kimanin kilomita 300 daga Sabha, akwai wani fili da ko turke ba a kafa masa ba, amma masu kula da taurarin ɗan Adam a duniya sun san shi da sunan Libiya 1. In tauraro ya gifta ta kansa sai a ɗauki hotonsa, don a gane ko idon kyamarar tauraron ya fara lalacewa. Matafiyan da ke biyo mota daga Agadas ta Dirku da Gatrun suna ratsa gefen rairayin ta gabas.

A bayan gilashin kowace kyamara ta zamani, ta waya ce ko ta mai hoton biki, akwai ɗan fallen silikon da ake kira sensa. An raba fuskarsa gida-gida, kowane gida ƙwaya ce mai auna hasken da ya faɗo mata, ita ce fiksil. Kyamara mai megafiksil 24 tana da jeri 4,000, kowane jeri da ƙwaya 6,000. A taro irin wannan ba a rasa nakasassu. Akwai matacciya, wadda ba ta jin haske sam, sai ta fito baƙin ɗigo. Akwai maƙalalliya, wadda ta tsaya a launi ɗaya, ja ko kore ko shuɗi, ko me aka ɗauka. Akwai mai zafi, wadda lafiyarta ƙalau da rana, amma in an ɗauki hoto mai daɗewa cikin duhu sai ta yi ta ƙyalli. Tun a masana'anta ake rubuta wuraren nakasassun a ƙwaƙwalwar kyamara, ita kuma ta riƙa cike gurbinsu da abin da maƙwabtansu suka gani, mai kyamara bai ma sani ba.

A sama abin ya fi haka tsanani. Da yawa daga cikin taurarin da ke ɗaukar hoton ƙasa ba sa ƙyasta hoto gaba ɗaya irin na waya. Ƙwayoyinsu a jere suke layi guda a gicciye, tafiyar tauraron ce ke jan layin a kan ƙasa har hoto ya haɗu. Kamar 'yan gayya ne da suka jeru a bakin gona kowa da kunyarsa: in ɗaya ya yi ha'inci, kunyarsa za ta tona shi tun daga wannan kai har wancan. Ƙwaya ɗaya in ta mutu, zane ne zai tsaga hoton daga sama har ƙasa. Ko da ba ta mutu ba, in ta ɗan fi maƙwabciyarta rauni, hoton zai fito da ratsi-ratsi. Landsat 8, wanda Amurka ta harba ranar 11 ga Fabrairun 2013, yana shawagi a tsayin kilomita 705, yana share faɗin kilomita 185 a tafiya ɗaya, kuma kowane launi da yake gani yana da ƙwaya kusan 7,000 a jere. NigeriaSat-1 da aka harba a 2003 ma irin wannan ido gare shi.

Tauraron Aqua da aka harba a watan Mayun 2002 ya ɗanɗana wannan masifa. Kyamararsa mai suna MODIS tana gani da kafa 36 ta haske. A kafa ta shida, wadda aka tanada don bambance ƙanƙara da gajimare, ƙwayoyi 20 ne, sai ga 15 daga cikinsu ko sun mutu ko suna ba da hayaniya. Ba mai hawa ya canza su. Dole masana suka koma kafa ta bakwai, wasu kuma suka ƙirƙiro lissafin da ke rama abin da ya ɓata daga sauran kafofin.

To yaya ake gane lafiyar idon da ba a iya taɓa shi? Mai hoto a ƙasa gwaji biyu gare shi: ya rufe murfi ya ɗauki duhu, masu ƙyalli su fito, sannan ya ɗauki farin bango, matattu su fito. Duhu ba ya yi wa tauraro wuya, ya rufe ƙofarsa ko ya kalli teku da dare. Farin bangon ne aiki. Ana sa masa fitilu da wani farin allo a ciki, amma su ma tare suke tsufa da shi, rana tana cin allon, fitila tana dusashewa. Landsat 8 yakan juya ya kalli farin wata sau ɗaya a wata in ya kusa cika, sai dai wata ƙarami ne a idon kyamarar, ba ya cika layin baki ɗaya. Ana buƙatar wani abu mai faɗi, mai haske, mai launi ɗaya, wanda bara da bana da baɗi duk kamarsa ɗaya.

A 1996 wasu masana uku Faransawa, Cosnefroy da Leroy da Briottet, suka bi hotunan tauraron Meteosat suna tace Sahara da hamadar Larabawa. Suka fitar da wurare 20, kowanne kilomita 100 tsawo 100 faɗi, inda haske daga wannan kusurwa zuwa waccan bai bambanta da fiye da kashi 3 cikin ɗari ba. Huɗu an ba su sunan Libiya, uku sunan Nijar, kuma Nijar 1 da Nijar 2 suna hamadar Tenere a jihar Agadas. Daga baya kwamitin CEOS, wanda ya haɗa hukumomin taurarin kallon ƙasa, ya zaɓi shida ya ce su ne abin dogaro: Libiya 1, Libiya 4, Aljeriya 3, Aljeriya 5, Muritaniya 1 da Muritaniya 2. Libiya 4, da ke can gabas wajen iyakar Masar, ta fi kowanne suna. Libiya 1 ita ce ta Fazzan.

Abin da ya kore mutum daga wurin shi ne ya ba wurin daraja. Ruwan da ke sauka a Sabha a shekara bai kai milimita 20 ba, a Kano kuwa da ɗaruruwa ake lissafin damina. Ba ciyawar da za ta yi kore da damina ta bushe da rani, ba gona, ba gini, gajimare kuma sai an daɗe. Iska tana tura tudun yashi, ta rushe wannan ta gina wancan, amma wanda ke kallo daga kilomita 700 a sama, in ya haɗa hasken filin duka, zai tarar yana nan yadda yake. Saboda haka in tauraro ya ce yashin Murzuk ya fi bara duhu, an san ba yashin ne ya canza ba.

Mafi ban sha'awa shi ne yadda ake kama ƙwayar da ta saɓa da 'yan'uwanta. Daga ƙasa ake aika wa Landsat 8 umarni ya murɗa jikinsa digiri 90, ya yi tafiyar kaguwa. Layin ƙwayoyin da yake a gicciye sai ya koma a tsaye, yana bin hanyar tafiya. Ƙwaya ta farko ta wuce ta kan wani tudu, ta biyu ta biyo sawunta ta kan wannan tudun, ta uku haka, har dubbai su ƙare cikin kimanin rabin minti. Rana ɗaya, yashi ɗaya, lokaci kusan ɗaya, don haka ya kamata amsarsu ta zama ɗaya. Wadda ta faɗi ƙasa da saura an san ta yi rauni, sai a ƙara mata a lissafi gwargwadon abin da ta rage. Wadda ta zarce a rage mata. Wadda ta yi shiru a rubuta ta cikin matattu. Tun a shekararsa ta farko aka yi masa wannan gwaji a kan hamadar arewacin Afirka da kuma ƙanƙarar Girinlan.

Yashin har baya yake komawa ya yi gyara. Landsat 5 an harba shi a 1984 da nufin ya yi shekara uku, ya yi kusan 29, har ya shiga kundin Guinness a matsayin tauraron kallon ƙasa da ya fi daɗewa yana aiki. A wannan doguwar rayuwa idonsa ya yi ta raguwa, fitilun cikinsa kuma sun daina zama abin yarda. Sai masana suka tattaro hotunan hamadar Libiya da ya ɗauka tun yana sabo, suka jera su shekara bayan shekara, suka ga yadda ganinsa ya riƙa sauka. A 2007 suka fito da sabon lissafi da ya gyara hasken hotunan da aka ɗauka fiye da shekara 20 kafin nan.

Wannan gyara ya shafi manomin Maraɗi da makiyayin Katsina kai tsaye. Da hotunan taurari ake auna yadda Tafkin Chadi ke ja da dawowa, da yadda ciyawa ke tsirowa a Sahel, kuma cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 tana amfani da su wajen bin damina da hango fari. In idon tauraro ya dusashe ba a sani ba, za a ce daji ya ragu alhali yana nan, ko a ce makiyaya ta yi kyau alhali dabbobi na cikin yunwa.

Me ke kashe ƙwayoyin? Babban mai laifi burbushi ne mai tsananin ƙarfi da ke zubowa daga sararin samaniya dare da rana. In ɗaya ya daki silikon sai ya gusar da ƙwayar zarra daga mazauninta, wurin ya riƙa yoyon lantarki. Kyamarorin Nikon da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa sukan cika da ɗige-ɗige saboda haka. Ƙasa ma ba ta tsira ba. Masanin sensa Albert Theuwissen ya nuna cewa ko sensa tana ajiye a kan kanta ba a kunna ta ba, sababbin ƙwayoyi masu zafi suna ƙaruwa, kuma sun fi ƙaruwa in an ɗauke ta a jirgin sama. Wani abin mamaki, ɗumi yana warkar da wasu. Kyamarar hangen nesa ta Hubble tana aiki cikin sanyin da ya kai wajen digiri 80 ƙasa da sifiri, amma kusan kowane wata akan bar ta ta ɗumama zuwa wajen digiri 20, wasu ƙwayoyin su dawo hayyacinsu. A ƙarshen 2023 injiniyoyin NASA suka ƙure hitar kyamarar kumbon Juno, wanda ke zagaya duniyar Mushtari, bayan hotunanta sun cika da zane. Ranar 30 ga Disamba kumbon ya wuce kilomita 1,500 daga Io, watan Mushtari, hotunan suka dawo tas.

Wannan fa ba izini ba ne a shanya kyamara a rana. Yoyon lantarkin sensa yana ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 6 zuwa 8. Kyamarar da ta kai digiri 45, abin da ba wuya a bazarar Zighan ko ta Sakkwato, tana yoyo wajen ninki bakwai na wadda ke digiri 25. Shi ya sa bidiyon da aka daɗe ana ɗauka da dare kan fito da ɗige-ɗige masu launi. A 2005 kamfanin Sony ya amsa cewa wasu sensa da ya ƙera tsakanin 2002 da 2004 suna mutuwa in zafi da laima sun haɗu, kuma matsalar ta shafi kyamarorin Canon da Nikon da Fujifilm da suka yi amfani da su.

Ba kowane tabo ne mutuwar ƙwaya ba. In iskar gibli ta taso a Fazzan, ko hunturu ya sauko ƙasar Hausa, ƙura ce ke shiga lokacin canza gilashi. Tabonta dishi-dishi ne, mai faɗi, yana fitowa sosai in an tsuke ƙofar haske zuwa f/16 an ɗauki sararin sama. Maganinta 'yar robar hura iska, kyamara tana kallon ƙasa, ban da hurawa da baki, ban da gefen riga. Ƙwayar da ta lalace kuwa ɗigo ce tsaf, a wuri ɗaya a kowane hoto. Kyamarori irin su Olympus da Pentax suna da umarni a cikin jerin saitinsu da ke sake bin ƙwayoyi ya rufe marasa lafiya, kuma yawancin manyan kyamarori suna iya ɗaukar hoton duhu na biyu su cire ƙyallin daga na farko. Abin da ba ya gyaruwa shi ne ƙunar fitilar leza ta wurin biki, wadda kan bar zane na dindindin cikin ƙiftawar ido.

Mai niyyar sayen kyamara ta hannu, a Sabha yake ko a Kano, kada ya biya sai ya yi gwajin nan biyu a gaban mai kaya. Ya bar murfi a rufe ya ɗauki hoto na daƙiƙa 10, sannan ya cire murfi ya ɗauki farar takarda, ya buɗe su a kwamfuta ya ƙara girmansu har ƙarshe. Ɗigo biyu ko uku ba abin fasa ciniki ba ne. In ya ga zane ya ratsa hoton daga gefe zuwa gefe, ya ajiye ta ya nemi wata.