Tunani da Gaɓoɓi: Wa Ke Fara Gajiya?

Duk wanda ya taɓa yin gudu mai nisa ya san lokacin nan da ƙirji ke ɗaukar zafi, ƙafafu su yi nauyi, ransa ya riƙa raya masa cewa ya isa haka. Yawancinmu mun ɗauka a wannan lokacin ƙarfin jiki ne ya ƙare. Masu binciken motsa jiki sun nuna sau da yawa akwai sauran ƙarfi a ajiye. Farfesa Tim Noakes na Jami'ar Cape Town ya daɗe yana cewa ƙwaƙwalwa ce ke taka wa jiki birki tun tsoka ba ta kai iyakarta ba, don kada a yi wa gaɓoɓi illa. Har yau masana na jayayya kan yadda abin ke gudana, amma kusan duk sun yarda cewa gajiyar da mutum ke ji ba daga ƙafafunsa kaɗai take fitowa ba.

A 2009, Samuele Marcora da abokan aikinsa a Jami'ar Bangor ta Birtaniya sun zaunar da mutum 16 gaban kwamfuta na minti 90, suna aikin da ke cin ƙwaƙwalwa, sannan suka ɗora su kan keken motsa jiki. Bugun zuciyarsu bai bambanta da na ranar da suka huta ba, amma lokacin da suka iya jurewa ya ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Don haka telan unguwar Nima ta Accra da ya wuni yana lissafin awo da ciniki, in ya fito fili da yamma ya ji jikinsa a mace, ba lalaci ba ne. A 2014 kuma su Marcora suka juya gwajin. Suka koya wa rabin mutum 24 su riƙa gaya wa kansu gajerun kalmomin ƙarfafa gwiwa idan wuya ta yi wuya. Bayan mako biyu, waɗannan sun ƙara kashi 18 cikin ɗari a kan juriyarsu ta da, sauran kuwa suna nan inda suke.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan ilimi. Ɗan dambe ba ya shiga fage sai ya yi kirari, makaɗi kuma na zuga shi har tsigar jikinsa ta tashi. Abin da ya haɗa sunan makaɗi Ɗan Anace da na ɗan dambe Shago ke nan. A gonar gayya ma kiɗa ke sa manomi ya manta rana ta take. Al'adar ba ta ɓace a Accra ba, ta sauya kaya ne kawai. Da asubahin Asabar da Lahadi ƙungiyoyin motsa jiki na unguwanni kan fito kan titi suna sassarfa, ana tafi ana amshin waƙoƙin da ake kira jama, wasu har su je hawan tudun Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase. Mai tumbin da ba zai iya zagaya gidansa sau biyu shi kaɗai ba, sai a gan shi ya ci dogon zango cikin jama'a. An auna irin wannan a Jami'ar Oxford: matuƙa kwalekwale da suka yi atisaye tare, da bugu ɗaya, sun fi jure zafi fiye da ranar da kowa ya yi shi kaɗai.

Yaran zango suna da nasu abin misali. Mohammed Kudus, wanda aka haifa a shekara ta 2000, a Nima ya tashi, a ƙungiyar Strong Tower ya fara, kafin makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi. A Oktoban 2020, a wasansa na farko a gasar zakarun Turai da rigar Ajax, ya ji ciwo a gwiwa cikin mintunan farko a karawa da Liverpool, ya yi watanni yana jinya. A irin wannan jinya ake gane mai zuciya, domin ba 'yan kallo, ba tafi, sai maimaita motsi ɗaya kullum. Bayan shekara biyu ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya a Qatar. Haka Azumah Nelson, gwarzon damben zamani na Ghana: a 1982 aka kira shi cikin ƙurarren lokaci ya kara da Salvador Sánchez a New York, ya kai zagaye na 15 kafin a tsayar da wasan. Bai ɗauki faɗuwar a matsayin ƙarshensa ba. A 1984 ya doke Wilfredo Gómez har gida a Puerto Rico, ya zama zakaran duniya.

Sai dai binciken da ya fi shafar gidajenmu ba na zakaru ba ne. A 2007, Alia Crum da Ellen Langer na Jami'ar Harvard sun je wurin mata 84 masu gyaran ɗakuna a otal bakwai. Matan nan suna wuni a tsaye, shara, goge-goge, sauya zanin gado, amma da yawansu sun ce ba sa motsa jiki. Aka bayyana wa wasunsu cewa aikin nan nasu ya cika ma'aunin da likitoci ke nema, aka bar sauran ba a gaya musu komai ba. Bayan mako huɗu, waɗanda aka yi wa bayani sun ɗan rage nauyi, jininsu ma ya ɗan sauka. Binciken ƙarami ne, kuma mai yiwuwa sanin da suka samu ne ya sa suka ƙara kuzari a aiki ko suka kula da abinci. Ko ma yaya ne, ya kamata iyayenmu mata na Sabon Zongo da Maamobi su ji wannan labari. Mai sayar da abincin waakye da ta tashi tun kafin kiran assalatu, ta ɗebi ruwa, ta ɗaga tukunya, ta taka zuwa kasuwa ta dawo da kaya a kai, ba ta rasa motsa jiki ba don ba ta da takalmin gudu. Ana cutar da ita in aka sa ta ɗauka lafiya sai mai kuɗin shiga gidan atisaye. Wanda ya fi ta zama cikin haɗari shi ne mai gidan da ke wuni zaune a shago ko bayan sitiyari.

A nan kuma dole a ja kunne, don masu wa'azin kyakkyawan zato sukan wuce gona da iri. Masaniya Gabriele Oettingen ta bi diddigin wasu mata masu neman rage ƙiba a Amurka, ta wallafa sakamakon a 1991. Waɗanda suka yi imanin za su iya sun yi nasara, amma waɗanda suka shagala da mafarkin yadda za su koma sirara cikin sauƙi su ne suka fi ƙarancin ragewa. Daɗin mafarkin kan sa rai ya ji kamar an riga an isa, sai himma ta kwanta. Abin da ta gano yana aiki shi ne mutum ya hango burinsa, ya kuma ambaci abin da zai tare shi, ya tanadi amsa tun da wuri: in ruwan sama ya cika lungu, zan yi tsalle-tsalle a tsakar gida, in na makara bayan sallar asuba, zan taka bayan la'asar. A watan azumi a rage, a mayar da shi bayan buɗa-baki, amma kada a yanke.

Ƙarfin zuciya kuma ba ya ɗinke jijiyar da ta tsinke. Gajiya daban, ciwo daban. Zafin da ke sukar ƙirji, jiri, ko gwiwar da ta kumbura, ba abin yi wa kirari ba ne, abin kai wa likita ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, wato tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar. Wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini ko ciwon suga a danginsa, ya fara zuwa asibitin Maamobi ko na Korle Bu a auna shi, sannan ya nemi maƙwabcin da za su riƙa ƙwanƙwasa wa juna ƙofa da asuba.