Motarka na "misin"? Kafin ka sayi fulogi, tambayi kwamfutarta me take zaton tana sha

Idan kana yawan leƙa TikTok da Facebook, ba za ka rasa ganin manyan akori-kura na Amurka ba, irin su Ford F-150, Chevrolet Silverado da Toyota Tundra. Wasu daga cikinsu na shigo mana tokumbo ta Kwatano ko Legas, da ɗan tambari a baya an rubuta FlexFuel. Mutane da yawa na ɗaukar tambarin nan ado ne kawai, alhali sau da yawa a nan amsar take ranar da injin ya fara karkarwa.

Mene ne FlexFuel?

Mota ce da aka ƙera ta sha fetur zalla, ko fetur da aka gauraya da itanol, wato sinadarin da Amurkawa ke tatsa daga masara, 'yan Barazil kuma daga rake. A Barazil, Volkswagen Gol ce ta buɗe wannan kasuwa a shekarar 2003. A Amurka kuwa ana sayar da wani mai da ake kira E85, wanda itanol ɗin cikinsa ke kamawa daga kashi 51 zuwa 83 cikin ɗari, gwargwadon yanki da lokacin shekara.

To ga inda gizo ke saƙar. Don fetur ya ƙone daidai, yana buƙatar iska kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na mai. E85 kuwa kusan 9.8 yake nema. Ke nan idan itanol ne a tanki, dole nozul ya ƙara fesa mai da kusan rabi. Wa ke yanke wannan hukunci? Kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos. Kuma da abin da ta yi imanin yana cikin tanki take aiki, ko da ba shi ne a ciki ba.

Yadda kwamfuta ke ɓata lissafi

Hanya biyu take bi ta gane mai. Wasu motocin na da sansa a kan bututun mai. A na kamfanin GM, sansar na aika sigina da ke bugawa sau 50 a daƙiƙa idan babu itanol, sau 150 idan itanol ne zalla. Wasu kuma ba su da sansar kwata-kwata. Duk lokacin da ka sha mai, sai kwamfutar ta sa ido a kan sansar iskar da ke jikin salansa, ta yi kirdado.

Yanzu a ce famfon manka ya yi rauni, ko wani tiyo ya tsage yana shigar da iska ta ɓarauniyar hanya. Kwamfuta za ta ga mai bai isa ba, sai ta ce ai itanol aka zuba. Ta rubuta kashi 60, ta adana. Washegari da safe, kafin sansar salansa ta yi zafi ta fara gyara mata lissafi, da wannan kashi 60 za ta yi aiki. Sai ta cika silinda da mai. Fulogi ya jiƙe, ya yi baƙi, mota ta ƙi tashi da wuri, in ta tashi kuma tana rawa a silo, ga warin ɗanyen fetur. Masu Tundra mai injin 5.7 sun daɗe da sanin wannan matsala.

Mu a nan gidajen manmu ba sa sayar da E85. Don haka idan motarka ta nuna kashi 50 ko 60, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Me za ka yi kafin ka kashe kuɗi?

Da farko, karanta lambar matsala. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 na da wata kafa mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD-II. Akwai ƙananan na'urori masu haɗuwa da wayarka ta Bluetooth. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ke misin, P0305 ta biyar, haka har zuwa P0308. P0300 kuwa na nufin misin ɗin na yawo, bai tsaya wuri ɗaya ba.

Idan silinda ɗaya ce, da wuya laifin mai ne, tunda duk tanki ɗaya suke sha. Ciro koyil ɗinta, ka musanya shi da na maƙwabciyarta, ka goge lambar, ka sake tuƙi. In lambar ta bi koyil ɗin, ka kama ɓarawo. In ta tsaya inda take, duba fulogi, sai nozul, sai kuma a auna matsin silindar.

Idan P0300 ce, musamman in ta zo da P0172 ko P0175, masu nufin mai ya yi yawa, to nemi layin da ke nuna yawan itanol. Ba kowace ƙaramar na'ura ke nuna shi ba, wataƙila sai ka je wurin mai babbar kwamfuta.

Daga nan sai ka auna man da kanka. Samu kwalba mai ma'auni, zuba ruwa mililita 10, ka yi alama, ka ƙara fetur mililita 100, ka girgiza, ka ajiye ya kwanta. Itanol na son ruwa, zai bar fetur ya koma cikinsa. In layin ruwan ya hau da kusan mililita 10, to man na da itanol kusan kashi 10. Ka yi wannan a fili, nesa da wuta da sigari. Wannan gwaji ba wasa ba ne ga wanda ya tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da fetur mai methanol fiye da kima ya shigo Najeriya ya lalata injinan mutane, ko ga mai yawan shan mai a hannun 'yan bumburutu. Ruwa a tanki ma kan ruɗa sansa.

In abin da kwalba ta nuna ya saɓa da na kwamfuta, a mayar da lissafin itanol ɗin daidai da na'ura. A motoci da yawa cire kan batir ba ya goge shi. Sai dai ka tuna, gogewa kaɗai ba magani ba ce. In ba a gano tiyon da ya tsage ko famfon da ya gaji ba, bayan 'yan kwanaki lambar za ta sake hawa.

Gargaɗi ɗaya

Idan fitilar injin da ke dashbod tana kunne kawai, kana iya lallaɓawa zuwa gareji. Idan kuwa tana ƙyaftawa, ka sauka gefen hanya ka kashe. Ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa yana ƙone matatar hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira indomi, kuma kuɗinta ya ninka na fulogi takwas sau da yawa.

Saboda haka duk ranar da Oga ya ce "sai an canza fulogi da koyil gaba ɗaya," ka tambaye shi cikin ladabi: "Oga, wace lamba ta fito, kuma kashi nawa na itanol kwamfuta ke gani?" Makaniken da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar, ya juyo maka da fuskar na'urar ka gani da idonka.