Zane a Kan Danga

A wani ƙaramin ofishi da ke Bukan Sidi, cikin garin Lafiya, inda nakan je a buga mini takardu, na taɓa tarar da magatakarda biyu suna jayayya a kan wata wasiƙar imel wadda ta fara da maganar kuɗin buhunan riɗi, amma kafin a kai ƙarshenta sai ta rikiɗe ta koma sanarwar ɗaurin aure, alhali kuwa babu wanda ya taɓa ta da gangan a cikinsu. Ɗaya ya ce ƙwayar cutar kwamfuta ce, ɗayan ya ce sharrin maƙiya ne. Da aka kirawo saurayin da ya haɗa musu na'urorin, sai ya duba ya ce wa babbansu, "Baba, babu cuta, babu maƙiyi. Ku biyu kuka shiga akwati ɗaya a lokaci guda." Wannan magana tasa ita ce nake so in warware wa mai karatu, domin mas'ala ce da ta wahalar da malaman wannan fanni shekara da shekaru.

Bayanin al'amarin shi ne, kwamfutocin ofishin uku ne, amma akwatin wasiƙunsu ɗaya ne, yana ajiye a cikin wata tsohuwar kwamfuta a lungu wadda ake kira uwar garke, sauran kuwa suna isa gare shi ta waya bisa wani tsari mai suna NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da shi a shekarar 1984. Shi kuma akwatin, bisa tsohuwar ƙa'idar nan ta Unix da ake ce wa mbox, fayil ɗaya ne tak mai tsawo, kamar daftarin da ake rubuta kowace wasiƙa a ƙarƙashin 'yar'uwarta, ba abin da ya raba su sai layin da ya fara da kalmar From. To, idan alƙaluma biyu suka sauka a shafi ɗaya, kowanne yana zaton shi ne ya san inda rubutu ya tsaya, ba makawa ɗaya ya hau kan ɗaya. Mafi muni kuma shi ne a ce wani yana share tsoffin wasiƙu, wanda ke wajabta sake rubuta daftarin baki ɗaya, a daidai lokacin da sabuwa ke shigowa, sai ta salwanta ba wanda ya ma san ta zo.

Maganin da aka fara yi shi ne kulle, sai dai sunan yana da ruɗi, gama ba kwaɗo ba ne, ba kuma sakata ba. Wanda ya tashi a gidan yawa ya san yadda ake yi da makewayin da ba shi da ƙyaure: mai shiga ya rataya zane a kan danga, mai zuwa ya gani ya dakata. Zanen ba ya hana kowa shiga, ladabi ne da ittifaƙin mutanen gida ke hanawa. Haka manhajar imel take yi: kafin ta taɓa akwati sai ta ƙirƙiri wani ɗan fayil mai sunan akwatin, a ƙarshensa an ƙara .lock, in ta gama ta cire. Akwai kuma wata hanya dabam, inda manhaja ke roƙon tsarin kwamfutar kansa ya riƙe mata wuri, ta ƙofar fcntl ko ta flock, wadda za mu iya kamantawa da gyaran murya. Nan ne saɓani na farko yake, domin in mutanen gida sun saba da zane, baƙo kuwa gyaran murya kaɗai ya sani, kowa ya cika ladabin garinsu, amma duk da haka za a yi kiciɓis. Har zuwa shekarar 2005, kullen flock a Linux bai wuce kwamfutar da ta yi shi ba, wato mutum yana gyaran murya a ɗakinsa, na makewayi bai ji ba.

Illa ta biyu ta fi zurfi, kuma a ganina ita ce tushen wahalar. Waɗanda suka tsara NFS sun gina shi da gangan a kan mantuwa, ta yadda uwar garke ba ta riƙe labarin wanda ya buɗe me, don in ta mutu ta farfaɗo a ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Hikima ce babba ga mai karanta fayil, amma kulle amana ne, amana kuwa ba ta tsayuwa sai da mai tunawa. Saboda haka aka ɗora aikin a kan waɗansu hadimai na gefe, lockd da statd, waɗanda in ɗaya ya yi barci sai magana ta lalace. Ƙari a kan haka, kowace kwamfuta takan riƙe abin da ta sani game da fayil har tsawon sakan 60 kafin ta sake tambaya, don rage zirga-zirga a waya, sai ta yi hukunci da tsohon labari. A tsohon zubin NFS ma, kwamfutoci biyu na iya rataya zanensu a lokaci ɗaya, kowace ta tabbata ita ta riga.

Sai kuma abin da mu mutanen nan muka fi kowa sani, wato ɗaukewar wuta. Mai wanka ya fita a guje ya bar zanensa, jama'a suna tsaye da buta har rana ta take. Bayan an tayar da janareta, manhaja ta ce akwati a kulle yake, alhali wanda ya kulle ya daɗe da mutuwa. Malamai sun yi fatawa cewa in zane ya wuce wani wa'adi a ɗauke shi, amma ba su yi ijma'i a kan wa'adin ba: manhajar Postfix tana jiran sakan 500, ta procmail kuwa 1024. In kuma agogon uwar garke ya saɓa da na 'ya'yanta, abin da ke yawan faruwa ga tsohuwar kwamfutar da ɗan batirinta ya mutu, sai a yaye zanen mutum yana tsakiyar wanka.

An yi gyara a zubi na huɗu na NFS, wanda ya fito a 2000 aka sake tace shi a 2003, inda aka shigar da kulle cikin tsarin kansa aka mai da shi haya mai wa'adi, galibi sakan 90 a Linux, wanda bai sabunta ba ya rasa. Amma dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Daniel Bernstein, wanda a tsakiyar shekarun 1990 ya duba rigimar ya ga cewa daftari ɗaya shi ne asalin fitina, sai ya ƙirƙiro Maildir, inda kowace wasiƙa ke da fayil nata, da suna wanda aka harhaɗa daga lokaci da lambar aiki da sunan kwamfuta don kada biyu su yi karo. Ana rubuta ta a zauren tmp, sai ta kammala sarai a matsar da ita zuwa new da motsi guda, in an karanta ta koma cur. Wuta ta ɗauke a tsakiya, iyakar hasara guntun rubutu ne a zaure, akwati bai ji komai ba.

Kada masu Windows su ce wannan ba ta shafe su ba, domin kamfanin Microsoft da kansa ya daɗe yana gargaɗi cewa kada a ajiye fayil ɗin PST na Outlook a kan babban fayil na tarayya a riƙa buɗe shi ta waya.

Shi dai saurayin nan bai tsaya gyaran kulle ba. Ya mai da akwatin Maildir, ya sa manhajar Dovecot a kan uwar garke ta zama ita kaɗai ke taɓa wasiƙu, sauran kwamfutoci su riƙa roƙonta ta hanyar IMAP, sa'an nan ya karɓi kuɗin sabon batirin agogo. Wasiƙar riɗin kuwa, sai da aka buga wa dillalin da ya rubuto ta waya ya sake aiko da ita.