Mazan Jiyan Damagaram: Yaƙi Ɗaya, Fansho Biyu

Idan mai karatu bai manta ba, Faransa ta ci Damagaram da yaƙi a 1899. Daga baya ta ɗebi samarinmu aikin soja, suka yi mata yaƙin duniya tare da 'ya'yanta fararen fata.

Amma a watan Disambar 1959, ana dab da ba Nijar 'yancin kai, sai Faransa ta kafa dokar da ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Na Bature ya yi ta ƙaruwa, na baƙar fata kuwa ya tsaya cak.

A 2001 wata babbar kotun Faransa ta ce wannan wariya ce, a ƙarar Amadou Diop ɗan Senegal, wanda ya rasu kafin hukuncin. Ba a daidaita fanshon baki ɗaya ba sai 2011, bayan akasarin mazan jiyan sun kwanta dama.

Abin da ya fi damunmu shi ne gado. Da kuɗin nan ne ya kamata a sayi gona, a gina gida a Birni ko Zango, a sa yara makaranta. To, wa zai cike wa magadansu giɓin shekaru hamsin?