Tseren Ababen Hawa Yana da Ƙa'ida, Kan Kwalta Ba Filinsa Ba Ne

Duk wanda ya halarci rakiyar ango ko kai amarya a ƙasar Mafara, Bakura ko Maradun ya san abin da ke biyowa bayan an shafa fatiha. Samari biyu su jera babura a kan kwalta, a murɗe totur har ƙarshe, wani ya ɗaga tayar gaba, wani ya kwanta a kan tanki ya miƙe ƙafafu ta baya. Babu hular kwano, babu takalmin kirki sai silifa, kuma ba wanda ya tare hanya. Idan Allah ya kiyaye a yi tafi. Idan bai kiyaye ba, sai a nufi gidan mai ɗori, ko asibitin Talata Mafara, daga nan a ce a wuce Gusau ko Sakkwato.

Samarin suna kiran wannan tsere. Amma a ƙasashen da tseren gajeren zango ya zama wasa mai zaman kansa, gudun shi ne ƙaramin ɓangare. Aikin duka yana kan tantancewa da haɗa abokan karawa, tun kafin a tayar da inji.

A Amurka wasan ya samo asali, kuma daga kan titi ya faro kamar namu. Matasan Kalifoniya ne ke tsere a hanyoyin jama'a suna halaka kansu da masu wucewa. A 1951 wani mutum mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin a kwashe su daga titi a kai su filin da aka killace. Filin miƙaƙƙe ne, layi biyu, tsawonsa rubu'in mil, wato kimanin mita 402. Bayan layin ƙarshe akwai doguwar shimfiɗar tsayawa, da ramin yashi da raga don wanda birkinsa ya ƙi. Motar asibiti tana tsaye a gefe, 'yan kallo suna bayan katanga.

Matakin farko shi ne duba abin hawa. Masu bincike za su duba birki, taya, sarƙa, ko mai yana yoyo, da kayan jikin mahayi: hular kwano, rigar fata, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu. Wanda ya faɗi a nan ya koma gida, ko ɗan wane ne. Daga nan a raba mutane aji-aji. Babur da babur, mota da mota, ƙaramin inji da ƙaramin inji. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin a fagen dambe ma ba a sakin sabon shiga ya sa zare da gogaggen da ya shekara goma yana kisa, manyan fage ne ke duba wa ya dace da wa.

Sai gudun gwaji. Kowa ya yi gudunsa, na'ura ta ɗauki lokacinsa. A manyan gasa ana ɗaukar mutum 16 da suka fi sauri, sauran su haƙura. Na ɗaya ya kara da na 16, na biyu da na 15, haka har na takwas da na tara. Wanda aka kayar ya fita, cikin zagaye huɗu a samu gwani. Hikimar ita ce kada zakaru biyu su haɗu tun da safe, kuma wanda ya yi ƙoƙari a gwaji ya ga amfanin ƙoƙarinsa. Shi ne ma ke zaɓen layin da zai bi. Idan adadin mutane bai zo daidai ba, ɗaya zai yi gudu shi kaɗai ya wuce zagaye na gaba, bisa ƙa'idar da aka sanar tun farko, ba don sanayya ba.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na ƙananan filaye, inda talaka ke zuwa da motar da yake zuwa aiki da ita. A nan kowa shi ke faɗin lokacin da yake ganin zai yi, a rubuta a jikin gilashin motarsa. A ce Audu ya ce zai kai cikin daƙiƙa 16, Sani ya ce 12. Fitilar tashi ta Audu za ta ba shi hannu daƙiƙa huɗu kafin ta Sani, don haka idan kowa ya cika alkawarinsa tare za su iso. Wanda ya yi gudu fiye da abin da ya faɗa ya faɗi, ko da shi ya fara tsallake layi. Idan su biyun duka suka zarce, wanda zarcewarsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci. Ka ga a nan mai kuɗin sayen babban inji bai fi kowa ba. Abin da ake aunawa shi ne sanin abin hawanka da nutsuwarka, kuma mai ƙaryar rage ƙarfinsa don a ba shi rata, ƙaryar ce za ta kayar da shi.

Tashi ma ba da ɗaga hannu ko jefa hula ake yi ba. Akwai sandar fitilu a tsakanin layukan biyu, rawaya uku, sai kore, sai ja. Wanda ya motsa kafin kore ya kama, ja za ta kunna masa, ya fita. Wanda ya tsallaka layin tsakiya ya shiga na abokinsa, shi ma ya fita.

Duk da wannan tsari ana mutuwa. A Yunin 2008 wani fitaccen direba, Scott Kalitta, ya rasu a filin Englishtown da ke jihar New Jersey. Bayan haka NHRA ta rage zangon motoci mafiya gudu zuwa ƙafa 1,000, kimanin mita 305, domin a ƙara musu wurin tsayawa. Mutanen da ke da katanga da likita da motar kashe gobara ke nan suka ga sai sun ja baya. To ina ga yaron da ke gudu a hanyar Gusau zuwa Sakkwato, tsakanin tirela da garken awaki da 'yan makaranta?

Mu kuma muna da wani dalili da su ba su da shi. Jangebe da ke ƙasar Mafara ta ga abin da ta gani a Fabrairun 2021, lokacin da aka kwashe 'yan matan makarantar sakandare. A shekarar 2021 ɗin gwamnatin Zamfara ta taƙaita zirga-zirgar babura, ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin mako. Har yau rugugin babura da yawa a lokaci ɗaya yana sa mata su kwashi yara su bar girki a kan wuta don tsoron hari. Wanda ya tayar wa gari hankali haka don nishaɗinsa ya ɗauki alhakin jama'a. Ga shi sau da yawa babur ɗin na kabu-kabu ne, da shi ake ciyar da gida, da shi ake kai mai naƙuda asibiti da dare, wani lokacin ma ba a gama biyan kuɗinsa ba.

Jangebe ba ta da filin tsere, kuma kwalta ba za ta taɓa zama madadinsa ba. Dokar sa hular kwano tana nan, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta ta tun ranar 1 ga Janairun 2009. Iyayen ango su riƙa faɗa tun kafin ranar biki cewa ba su yarda da wasan babur a rakiyarsu ba. Shugabannin 'yan kabu-kabu su hukunta ɗansu da aka kama, masu unguwanni da limamai su yi magana a kai. Kai kuma mai babur, idan ka san abin da yaro zai yi da shi ke nan, kada ka ba shi makulli.