Abin da ke ƙara haɗari bayan tiyatar sankarar huhu

Sankarar huhu ita ce ta fi kowace irin sankara kisa a duniya. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa ta hallaka mutane kimanin miliyan 1.8 a shekarar 2022.

Idan aka gano cutar da wuri, tiyata ce babbar hanyar warkarwa. To sai dai likitoci sun ce yadda majiyyaci zai murmure ya danganta ne da halin da jikinsa ke ciki tun kafin a shiga da shi ɗakin tiyata.

Matsalolin da kan biyo baya

Huhun dama na da sassa 3, na hagu kuma 2. Galibi sashe ɗaya ake cirewa, amma wani lokaci sai an cire huhu guda sukutum, kuma haɗarin hakan ya fi yawa.

Matsalolin da aka fi gani sun haɗa da namoniya, da yoyon iska daga inda aka yanka, da rikicewar bugun zuciya, da kuma daskarewar jini a jijiyoyi.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Mashaya taba sigari ne a sahun gaba, domin hayaƙin na hana huhu fitar da majina, yana kuma jinkirta warkewar rauni.

Sai tsofaffi, da masu ciwon zuciya ko ciwon suga, da kuma waɗanda suka rame ƙwarai.

A garuruwan kwarin Rima, irin su Birnin Kebbi da Argungu, akwai ƙarin dalilai. Matan da suka shafe shekaru suna girki da itace, da masu sana'ar bandar kifi, na iya samun toshewar hanyoyin numfashi ko da ba su taɓa shan taba ba.

Haka kuma tarin fuka kan bar tabo, ya manne huhu da bangon ƙirji, abin da kan tsawaita aikin ya kuma ƙara zubar jini.

Alamomin tarin fuka da na sankara sun yi kama, don haka akan ɓata watanni ana maganin cutar da ba ita ba ce, har ƙarin ya girma.

Abin da za a iya yi

Irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma akan ɗauki lokaci kafin a sa rana.

Wannan jiran na da amfani. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daina shan taba aƙalla makonni 4 kafin tiyata na rage matsaloli.

Likitoci kan auna ƙarfin numfashi da na zuciya, su daidaita suga da hawan jini, sannan su ba da shawarar tattaki kullum da cin abinci mai gina jiki, irin su kifi da wake.

Ana kuma buƙatar majiyyaci ya faɗa wa likita gaskiya game da taba, da tsohon tarin fuka, da duk wani maganin gargajiya da yake sha.